Goggon Ɗakin Kwamfuta da Jelar Adireshi

Kafin ɗalibai su iso, Goggo, mai kula da kwamfutocinmu, ta riga ta buɗe tagogi, ta goge teburori, ta kunna kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya tana yi musu faɗa kamar jikokinta. "Ke ta lungu, yau ma nawar za ki yi mana?" Haka muka san ta a ɗakin kwamfutar kwalejinmu, ga shi wannan watan za ta ajiye aiki.

Muna koyar da rubuta manhaja a wani shafi na intanet mai kama da littafin aiki. Kafin ya yi aiki, sai ɗalibi ya gyara saiti a samansa da hannu: ajinsa, darasinsa, girman rubutu. Harafi ɗaya ya kuskure, komai ya tsaya.

Akwai wani ɗalibi, Dogo muke ce masa, mai raunin gani. Kullum a wajen saitin nan yake tuntuɓe, lokaci ya ƙare bai fara ba. Ana gab da jarrabawa ya ce ya haƙura da karatun.

"Zauna, ɗana," in ji Goggo. "Ba da kanka za ka riƙa sa saitin ba."

Ta gyara shafin yadda shi da kansa zai riƙa ɗauko saiti daga adireshinsa na intanet. A ƙarshen adireshin, wato jelarsa, ta sa alamar tambaya, ta jera aji, darasi da babban rubutu, ta tura masa. Ya latsa, shafi ya buɗe a shirye, haruffa ɓaro-ɓaro.

"Goggo, ai ina gani har da waƙafi," ya ce yana dariya.

Ya ci jarrabawar. Yanzu kowane aji da nasa adireshin, jelarsa ɗauke da saitinsa. Gargaɗinta ɗaya ne: "Kada wanda ya sa kalmar sirri a jela. Wanda ya ga adireshi ya ga kayan ciki."

Goggo, ke ce ba ki taɓa ce wa ɗalibi kansa ne ba ya ja ba, sai kin fara duba inda hanyar ta toshe. Uwar ɗaki, mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba da hutu mai daɗi.

Mu da muka rage, idan muka ga mutum yana faɗuwa a wuri ɗaya kullum, mu daina ce masa ya kula. Mu duƙa mu ɗauke dutsen.