Abincin da Kaka Ba Ta Ci Ba

Inda ake kira Maitama yanzu, can aka binne cibiyata. In na faɗi haka a motar haya sai yara su yi dariya, su ce Mama kenan. Ba na musu da su. Ban yi boko ba, amma na san inda kowane rumbu yake a ƙauyenmu, na san dutsen da muke shanya doya a kai, na kuma san inda murhun kakata yake. Yau motoci ne ke kwana a wurin.

Da magariba ta yi, an gama cin tuwo, Kaka takan tura doya ɗaya cikin toka mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ƙamshin doyar ya tashi. Sannan ta goge hannu a zane, ta ce ga wata nan ta iso, mai barci ya matsa gefe. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, kafaɗarta ɗaya ta sunkuya saboda ɗaukar kaya, don mu Gwarawa ba a ka muke ɗauka ba. Muryarta kuwa ta fi jikinta girma.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai wadda ba na so, ita ce kuma ta bi ni har tsufa.

Wai wata mata ce ta gaji da lalacewar abinci. Ta tuƙa tuwo da dare, da safe ya yi tsami. Ta ajiye doya, funfuna ta hau. Sai ta hau dutse wurin wani tsoho da ke zaune a kogo, ta roƙe shi tukunyar da abinci ba ya ruɓewa a cikinta. Tsohon ya tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Ya ba ta. Daga ranar ta daina miƙa wa maƙwabta ragowar tuwo, tunda ba abin da zai same shi in ya kwana. Su ma suka daina miƙo mata. Da kaka ta yi, lokacin da kowa ke kai sabon tuwo kabarin iyayensa, ita ma ta kai wa uwarta daga tukunyar. Aka yi kwana da kwanaki, na kowa ya narke ya shige ƙasa, nata yana nan fari tas, ko ƙuda bai sauka ba. Uwar ta riƙa zuwa mata a mafarki tana cewa yunwa take ji.

A nan na taɓa katse Kaka, na ce to me ya hana uwar ci, ga tuwo mai kyau a gabanta?

Ta ce, “Ke yarinya, da wane baki? Wanda ya kwanta a ƙasa ba shi da haƙori. Tururuwa ce ke ci masa, funfuna ke tauna masa. In kin ga abinci ya ruɓe a kan kabari, an karɓa.”

Yadda matar ta ƙare, Kaka takan canza shi duk dare. Wani lokaci ta fasa tukunyar, wani lokaci ta haukace. Mu dai mukan ci doyarmu shiru.

Ina da 'ya'ya har sun yi wayo lokacin da aka ce za a dawo da gwamnati nan daga Legas. Katafila ta zo, aka loda mu a manyan motoci da tukwanenmu da awakinmu. Rayayyu aka kwashe, matattu aka bar su. Kabarin Kaka yana gindin wani dutse mai tsage a tsakiya. Shekara da shekaru ina zuwa duk kaka da ƙwaryata a kafaɗa, ko da na shiga coci ban fasa ba, fasto ya yi faɗa ya gaji. Sai wata shekara na zo na tarar da katanga, dutsen yana ciki.

Yanzu a Mararaba nake, gidan ɗana. Bara na ce wa jikata Laraba ta raka ni. Ita tana aiki a irin shagon nan da ake sayar wa mutane abinci a cikin takarda, su ci a mota. Na tuƙa tuwon dawa, na yi miyar kuka, muka tafi. Mai gadin gidan da ke cikin katangar wani dattijo ne daga Filato, Danjuma. Ya saurare ni da kyau, ya ce shi ma ya bar kabarin ubansa a gida, ya gane. Masu gidan sun yi tafiya, zai bar ni in shiga. Amma da ya leƙa ƙwaryar sai ya girgiza kai. Ya ce in madam ta dawo ta ga tuwo da miya a gindin dutse, za ta ce tsafi aka yi mata, aikinsa ya tafi. Na roƙe shi, ya roƙe ni.

Laraba ce ta buɗe jakarta ta ciro abincin ranarta, wani ɗan burodi da nama falle a tsakiya. Danjuma ya ce wannan ba laifi, ko an gani zai ce yaro ne ya yar. Na juya abin a hannuna. Na ce a raina ai abinci ne, jikar jikarta ce ma ta kawo. Na cire takardar na tura shi cikin tsagin dutsen, na gaya wa Kaka ta yi haƙuri, abin da aka bar ni in shigo da shi ke nan.

Bayan 'yan makonni na koma ni kaɗai. Na durƙusa na zura hannu. Yana nan. Ya ƙame kamar ƙwarya, amma launinsa bai canza ba, ba funfuna, ba wari, ba alamar wani abu ya taɓa shi. Danjuma ne ya zo ya tashe ni.

A gida na ƙi cin abinci. Laraba ta zauna kusa da ni tana tsokanata, wai tsohuwa ta ji tsoron burodi. Ta ce ba wani asiri a ciki. Abin da ke ruɓar da abinci ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma danshi suke bi. Naman an yi shi siriri, an soya ruwansa ya fita, an cika masa gishiri. Burodin akwai sukari da mai, ana kuma zuba masa wani gari mai hana funfuna. Ga rani, ya bushe kafin komai ya kama shi. Tururuwa kuwa, ai gidan duk wata ake fesa maganin ƙwari.

Na ce mata ni za ta koya wa gishiri da rana? Ni da na yi bandar kifi tun uwarta ba ta zo duniya ba? Amma namu in ya ji ruwa yakan tuna shi abinci ne, ya lalace. Kuma ba mu taɓa kai busasshen abu kabari ba.

Ta ce, “Mama, to ai kin ga ba fushi Kaka ta yi da ke ba.”

Na ce, “Na ji. Amma ta ci?”

Ta tashi ta ɗauke kwanon abincin.

Na yanke a raina da damina ta faɗi zan ƙulle ɗan tuwo a bakin zanena, ba wanda zai gani, in ciro wancan in sa wannan. Da ruwan farko ya sauka na tafi. Danjuma bai buɗe ƙofa duka ba. Ya ce oga ya sayi sababbin motoci, wuri ya yi kaɗan, leburori sun fasa kan dutsen sun zuba siminti. Na tambaye shi ko sun cire abin da ke cikin tsagin. Ya ce bai ga sun cire komai ba.

Da ina yarinya na ɗauka Kaka tana gargaɗinmu ne a kan rowa. Yanzu ina ganin tsoron kanta take gaya mana, na ranar da za a kawo mata abin da ƙasa ba ta iya karɓa. Na dawo da tuwon gida a zanena, kafin in iso Mararaba har ya fara tsami. Wancan kuwa yana can tare da ita ƙarƙashin simintin, kuma ni na kai mata shi da hannuna.