Azumin da Kulu Ta Yi a Shinkafi

Daga Gusau

Na fita daga gidana bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, da 'yar jaka da gorar ruwa. Bazara ce, irin wadda tun da sassafe bango ke da ɗumi. Abin da ya tashe ni shi ne Kulu, taubashiyata, 'yar ƙanen mahaifiyata. Ɓarayin daji sun tashi ƙauyenmu na asali da ke cikin ƙasar Zurmi, mutane sun watse, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce a wani gari dabam ya ganta. Ni da ita kaɗai muka rage cikin waɗanda suka tashi a gidan kakanmu. Niyyata in nemo ta, in kawo ta wurina.

A tasha na sami ƙaramar mota mai zuwa Ƙaura. Direban ya ce saboda furfurata zai sa ni a gaba, sai da na zauna na ga ashe mu biyu ne a kujerar. Mun wuce shingayen sojoji da na 'yan sa-kai, a kowanne a leƙa a dubi fuskokinmu a ce mu tafi. A Kasuwar Daji muka tsaya sauke buhuna. Gefen titi akwai burtsatse, da layin jarkoki ya yi lanƙwasa har bayan wani shago, amma mutanen da ke wurin ba su taka kara sun karya ba. Direba ya ce jarkokin ne ke kwana a layi, masu su sai sun ji an tada inji suke fitowa.

Na bi hanyar nan shekarar da aka ba mu jiha, na sake bin ta lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, mota cike da mutane ana ta kabbara. A wancan zamani ramukan titi kaɗai muke tsoro.

Ƙauran Namoda

Da hantsi na sauka gidan Alhaji Bawa, abokin fataucina da muka yi shekaru muna kai fatu Maraɗi. Na san gidan da mutum bakwai ko takwas. Yanzu iyali uku na danginsa sun ƙaru. Rijiyar tsakar gidan, wadda a da maƙwabta ke ɗiba yini guda, kafin rana ta ɗaga ta koma laka. Bai yi mini ƙorafi ba. Ya dai ce uwargidansa ta sa wa murfin rijiyar kwaɗo, kuma shi da ya girma bai taɓa ganin an kulle ruwa ba, yanzu a aljihunsa makullin yake kwana.

Ya raka ni wata makarantar firamare inda aka zuba 'yan gudun hijira. An fitar da bencina waje, kowane aji ya zama gida. Salgar makarantar don yara aka gina ta, ta cika tuni, kuma tun daga bakin ƙofa hanci ke gaya wa mutum abin da bayan katanga ya zama. Na ga wata mata tana wanke zanen goyo da toka, a cikin ruwan da bai fi cikin kwano ba. Na taɓa ganin sansanin 'yan gudun hijira a gabashin Cadi. Can da wahalarsu, amma an yi musu layin bayan gida, na maza dabam na mata dabam, kuma tankar ruwa na zuwa. Namu yawancinsu sun narke cikin gidajen 'yan'uwa, ba mai ganinsu sai mai gidan da rijiyarsa.

Wata mata daga ƙauyenmu ta gane ni. Ta ce Kulu ta yi 'yan kwanaki a nan, sannan ta bi ɗanta Hamisu zuwa Zurmi. Na kwana a shagon Bawa. An kawo tuwon dawa da miyar kuka, da ruwan da 'yan garuwa suka tono daga yashin kogin Gagare, an jefa masa alif ya kwanta.

Zurmi

Ba direban da ke kama hanyar Zurmi da sassafe. Sai da rana ta yi sama motoci suka taru, muka tashi a jere, ba mai wuce wani. A cikin motar ba wanda ya yi hira. Mun isa kafin azahar.

Ina neman unguwar da mutanenmu suka sauka, na iske rigima a bakin wata rijiya. Matan gari na cewa kakanninsu suka haƙa ta, baƙi na cewa ai su ma ba da son ransu suka zo ba. Da na lura sai na ga asalin abin guga ne. A nan kowace mace da gugarta take zuwa, su kuwa waɗanda suka gudo cikin harbi ba wadda ta tsaya kwance guga, don haka sai sun jira aro. Can gefe wata tsohuwar Bafillatana na tsaye da ƙwarya, ba wanda ya kula ta. Na gaishe ta da Fulatanci, ta ɗago da sauri kamar an kira sunanta. Ta ce shanunsu ma an kwashe, kuma mutanen da suka ƙone ƙauyukan su ne suka kwashe, amma a bakin rijiya ba ta da bakin faɗin haka. Na aro guga da girman furfura, na cika mata. A Sudan na ga randuna jere a bakin hanya, an ajiye don kowane mai wucewa ya sha, ba a tambayar ko ɗan waye. Mu ma da haka muke.

Limamin unguwar, Malam Sani, shi ya zaunar da ni ya gaya mini Hamisu ya rasu. Ya koma ƙauye ɗebo hatsi daga rumbu, bai dawo ba. Bayan haka amai da gudawa suka shiga unguwar suka ɗauki yara, sai Kulu ta kwashi 'ya'yan Hamisu ta tafi Shinkafi, gidan 'yarta Rabi. Ya ƙara da cewa labari na zuwa musu, baiwar Allahn nan tun da ta isa can kullum cikin azumi take, a wannan zafi, har mata na kai mata jarirai ta tofa musu addu'a.

Kulu ba ta wasa da farilla, amma ni na san ta: ko a watan azumi, tun la'asar take zama kusa da randa tana hararar rana. Na ce a raina baƙin cikin ɗa ne. Na kwana a zauren liman.

Shinkafi

Wani ɗan kabu-kabu ya ce zai yanke da ni ta daji, liman ya hana. Na koma Ƙaura na canja mota, muka isa Shinkafi da la'asar.

Mijin Rabi, Malam Umaru, tela ne, mutum mai sanyin magana. Ya bar wa baƙi ɗakinsa, ya dawo zaure da tabarmarsa da kekensa na ɗinki. Daga zauren in ka shiga akwai ɗan fili, salgar gidan na nan hannun dama, da guntun buhu a maimakon ƙyaure, mata biyu da yara na tsaye da butoci suna jira. Sai ka wuce nan kake shiga cikin gida. Ya gaya mini, da ɗan alfahari, cewa ko ruwan garuwa ya yi tsada ba ya bari randar Inna ta bushe, sai dai ita ba ta taɓawa sai magariba.

Na iske Kulu kwance a inuwar ɗaki. Ta rame ta sama, ƙafafu kuwa sun kumbura, leɓɓanta sun tsage. Ta dube ni ta ce, "Na-yawo, ƙasashen duniya sun ƙare ne ka tuna da uwargijiyarka?"

Na ce na zo karɓar baiwata ne, an ce ta zama waliyyiya ba da izinina ba. Ta yi dariya har leɓenta ya yi jini. Na yi mata gaisuwar Hamisu, muka yi kukanmu. Sannan na miƙa mata gorata. Ta ce tana azumi. Na ce yau ba Litinin ba ce, ba Alhamis ba, kuma ni ba Malam Sani ba ne. Ta jira har matan da ke kusa suka tashi, sannan ta rage murya.

"Ka ga inda salgar gidanga take?"

Na ce na gani.

"To hwaɗa mini. Ni Kulu, in ɗauki buta da rana tsaka, in tsaya layi bakin zaure, mijin ɗiyata na zaune yana ji? Abin da ban sha ba, ba ya neman hita."

Ta ce da farko kafin asuba take fita bayan gari da wasu mata, sai aka tare wasu a can, aka daina. Daga nan ta rage ci, ta rage sha, in magariba ta yi ta jiƙa maƙoshi kawai, ta lallaɓa sau ɗaya idan Umaru ya tafi masallaci, in ta sami layin ba tsawo. Da aka tambaye ta me ya sa ba ta shan ruwa, sai ta ce azumi take. Sai kowa ya ƙyale ta, har da neman albarka. Na tambaye ta me ya hana ta gaya wa Rabi. Ta harare ni. Rabi 'yar fari ce. Ko sunanta Kulu ba ta taɓa kamawa ba, balle ta kai mata irin wannan magana. A duk gidan nan ba mutum ɗaya da al'ada ta yarda ta faɗa wa, sai ni da muke zagin juna tun muna yara.

Bayan magariba na ja Umaru gefe a ƙofar masallaci. Na kewaya, na kewaya, har ya gane. Ya ce tun ranar da Inna ta sauka bai sake shiga salgar nan ba, ta masallaci yake zuwa, kuma ya juya kekensa yana fuskantar bango don kada ya ga mai wucewa. Ya ɗauka hakan ya isa. "Da wani ya ce mini uffan, Baba," ya ce, "da bakin titi ni ka ɗinki." Kafin isha ya kwashe keken zuwa zauren maƙwabcinsa.

Da safe na sa ta sha kunu da ruwa a gabana, muka kai ta asibitin garin. Ma'aikacin ya danna ƙafarta, wurin ya loɓa bai taso ba. Ya yi mata tambayoyi ta bakina, don ba ta yarda ta amsa masa kai tsaye ba. Ya ce ƙoda ce, kuma ya fi ƙarfin abin da ke hannunsu, mu yi Gusau yau yau. Ta ce ba ta barin marayun Hamisu. Rabi ta durƙusa ta ce, "Inna, ɗiyana ne. Ki tahi." Kulu ta kau da kai gefe kamar da bango ake magana, amma ta bari aka ɗaure mata kayanta.

Komawa

Na ɗauki shatar mota don ta sami wurin miƙe ƙafa. Direban ya yi mana kashedi tun a tasha cewa ba zai tsaya ko'ina ba sai Ƙaura, duk mai uzuri ya yi shi yanzu. A hanya tana kurɓar ruwa da rana tsaka, tana cewa gorata warin roba take, duk yawona ban iya sayen abin kirki ba. Na yi ta jira ta ce a tsaya, ina shirya yadda zan roƙi direba. Ba ta ce ba. A Ƙaura uwargidan Bawa ta kama hannunta ta shiga da ita ciki, ta fito ta girgiza mini kai. Ruwa na shiga, ba ya fita. Nan ne tsoro ya kama ni sosai.

Mun iso Gusau kafin magariba, muka wuce asibiti kai tsaye. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu sai alheri. Bayan 'yan kwanaki likita ya kira ni gefe, ni kuma na roƙa a bar ni in kai ta gida. Na sauke ta a ɗakin marigayiya matata, mai bayan gida a ciki, da famfo da ƙyaure. Ta sa aka riƙe ta ta tsaya a bakin ƙofar, ta tura sakata ta zare, ta sake turawa. Ta ce, "Wanga duka nawa ni ɗaya? Lalle bawana ya yi arziki." Ranar Juma'a ta biyu da zuwanta Allah ya karɓi abinsa, da hantsi.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ya kuma sa ta cika a hannuna. Ina godiya ga Alhaji Bawa da iyalinsa, da Malam Sani na Zurmi, da direbobin da ke bin hanyoyin nan da rayukansu a hannu. Wanda duk ya sauki baƙi a gidansa, Allah ya saka masa. Ya kuma dubi inda tsofaffin matan gidan ke bi da buta, don su ba za su faɗa ba.

Umaru ya zo ta'aziyya ranar uku. Na yi, na yi ya shigo ciki, ya ƙi, ya zauna a dakalin ƙofar gida. Da zai tafi ya ce shi da maƙwabta sun haƙa sabuwar salga a ƙuryar gidan, bayan ɗakin mata, ƙofarta na kallon katanga. Ya ce tun ranar da muka taso suka fara, yana sauri a gama kafin ta dawo.