Silin Gashi a Sarƙar Agogo

Shekara talatin da takwas Mai Agogo ya yi a ɗan shagonsa na ƙarƙashin matattakalar wani bene, daga shi sai tebur, fitila mai lanƙwasasshen wuya da gwangwanayen kusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba. A zamaninsa ko agogo ya shekara a mace, in ya shiga hannunsa sai ya farfaɗo. Yana da wata ɗabi'a da ta zame masa jiki: ba ya rufe bayan agogo sai ya ɗauki 'yar robar hura iska ya matsa ta don kore ƙura, fus, fus. Ko hira yake yi, hannun ne ke aikin da kansa.

Sai mutane suka koma duba lokaci a waya. Matarsa ta rasu. Likita kuma ya ce hawan jinin ido ya cinye na hagu, na dama ma yana kan hanya.

Wata rana ya ɗauko agogon hannun marigayiyar zai goge, sai yatsansa ya ji wani abu tsakanin gaɓoɓin sarƙar. Silin gashi ne guda ɗaya, fari. Kayanta an raba, ɗakinta an share an wanke, wannan kaɗai ya rage daga jikinta. Ya maƙala gilashin aiki a ido, bai ga komai ba sai hazo.

Autarsa, mai aiki a ɗakin gwajin jini, ita ta kawo masa tsohuwar kyamararta da wani dogon gilashi na ɗaukar ƙananan abubuwa.

"Baba, wannan kyamarar, tururuwa take mayarwa akuya. Kawo in ɗauka maka hoton gashin, a wanke shi ƙato yadda za ka gani."

"Ba mai taɓa agogon nan. Nuna min inda ake dannawa kawai."

Ya fara koyo a kan abin da ba ya tsoron ɓatawa: gishiri, kan allura, mushen ƙuda. Nan ya gane abin ba wasa ba ne. Wurin da ke fitowa tangaran bai kai kaurin takarda ba. In ya ja numfashi ya wuce shi, in ya sauke ya baro shi. In ya matso, inuwar gilashin ta rufe hasken. In komai ya daidaita, sai wani ya sauko daga bene da gudu, teburin ya ɗauki rawa. Ya ɗauki ɗari, ya goge ɗari.

Tela maƙwabcinsa kullum sai ya leƙo. "Mai Agogo, yau kuma wa ya zo fasfo? Ka ce wa ƙudan ya gyara hula."

"Kai dai je ka gyara wuyan rigar mutane da ka karkace."

Amma ranar da ya nuna masa zaren ɗinkinsa a allon kyamara, murɗaɗɗe kamar igiyar rijiya, Tela ya daɗe bakinsa a sake. Mai Agogo ya yi dariyar da rabonsa da ita tun rasuwar.

Wata uku ya yi yana tara dabaru. Ya ɗaure kyamarar a ƙarfen da yake matse kayan aikinsa don kada hannu ya girgiza ta. Ya jingina farar takarda ta maido haske. Ya koyi saita ta ta ƙirga daƙiƙa goma kafin ta ɗauka. Ya lura da tsakar rana ma'aikatan bene kan fita cin abinci, matattakala ta yi tsit. Ya gwada gashin sau da yawa, duk dishi-dishi. Idon dama kuwa kullum ƙara tsukewa yake, kamar mai leƙe ta bututu.

Ranar wata Talata abin ya zo. Ga gashin nan a allo, fari tas, da 'yar lanƙwasarsa irin wadda ke leƙowa ta bayan kunnen marigayiyar. Ya danna, ya janye hannu. Kyamara ta fara ƙirgawa. A nan ya hango ƙura guda ta lafe a jikin gashin, a allon kamar dutse.

Bai yi shawara da hannunsa ba. Fus, fus.

Kyamara ta yi ƙyas. Hoton da ya fi kowanne fitowa a rayuwarsa ke nan: gaɓoɓin sarƙa biyu suna ƙyalli, kowane ƙarzo a bayyane, tsakaninsu babu komai.

Shi da Tela suka yi rarrafe a ƙasa suna neman gashin har gwiwoyinsu suka yi fari. Zare suka yi ta tsinta. Tela bai yi tsokana ba ranar.

Auta ta zauna ta bi sauran hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta sami guda da ya manta bai goge ba, duk hazo, sai wani ɗan tsagi a tsakiya inda gashin ya fito sarai, bai kai faɗin farce ba. Ta wanko shi ƙato, ta rataye masa a gefen fitila.

"Kana gani, Baba?"

"Ina ganin wani fari-fari."

Robar hura iskar ya jefa ta can ƙuryar aljihun tebur. Har yau in ya zo rufe bayan agogo, hannunsa kan tafi inda take a da, ya matse iska sau biyu.