Baƙin Zare a Ruwan Shu'aiba

Yayata Fatsuma tela ce a unguwar Misfala, cikin Makka. Kowa yana yabon haƙurinta, ni kuwa Zali, ƙanwarta, ba wanda ya taɓa yi mini wannan shaidar. An haife mu a wani lungu da yanzu otal ya hau kansa ya zauna. Kakanmu da ƙafa ya taso daga Haɗejiya, ya sauke farali, ya ce shi kam ya iso gida. Fatsuma ta gaji keken ɗinkin mahaifiyarmu tun tana budurwa. Tana ɗinka wa matan unguwa abaya, ta rage wa alhazai tsawon jallabiya, ta canza zif ɗin jakar da aka ɗura wa tsaraba har ta fashe. Mijinta Yunus direban bas ne, mai jigilar alhazai tsakanin Arfa da Muzdalifa. Ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Shifa.

Shifa ce ta shigo mana da teku cikin gida. Mu duwatsu muka sani, ita kuwa ta tafi jami'a a Jidda ta karanta ilimin teku, a 2017 ta kama digiri na biyu. Aikinta shi ne auna ɓurɓushin roba a gaɓar Shu'aiba, kudu da Jidda. Ƙaramin jirgi zai ja raga mai ƙananan idanu a saman ruwa, ta wanke abin da ragar ta kama cikin kwalba, ta tace, ta ƙirga a ƙarƙashin madubin ƙara girma. In ta yi shakkar wani sili sai ta kai masa allura mai zafi, in roba ne ya lanƙwashe. Shekara guda yarinyar nan tana wannan aikin, rana ta ƙona ta, idonta ya lalace har ta koma sa tabarau. Abin da ta fi samu a ruwan shi ne siraran zare baƙaƙe, masu yawan gaske.

Wata Litinin da la'asar ta dawo ido a kumbure. Ina zaune wajen Fatsuma ina tsinke mata zare.

"Ummi, Duktur ya ƙi aikina," ta ce. Malamin da ke duba bincikenta take nufi. "Wai baƙin zaren duk daga abayata yake zuba. Wai ba teku na auna ba, kayan jikina na auna."

"Ba kin ce kina ajiye faranti da ruwa mai tsabta a gefenki don gudun haka ba?" in ji Fatsuma.

"Ina ajiyewa. Ɗan abin da ke faɗawa ciki bai taka kara ya karya ba. Na nuna masa, ko kallo bai yi ba. Ya ce khalas, magana ta ƙare."

Nan na tashi tsaye. Na ce rabin mutanen ƙasar nan baƙi suke sawa, kullum ana wanki, ruwan wankin sama yake hawa? Na ce maza nawa ne a jirgin da fararen jallabiyoyinsu masu sheƙi, wa ya taɓa tambayarsu da me aka saƙa su? Mace ɗaya ce a tsakaninsu, sai aka ga ita ce dattin.

"Zali, ki bar yarinya ta gama," Fatsuma ta ce, ko kai ba ta ɗaga ba.

Sharaɗin da Duktur ya kafa mata shi ne wannan. Ranar Alhamis jirgi zai fita, fitar ƙarshe a zangon. Ta zo da suturar auduga zalla daga kai har ƙafa, kuma ba baƙa ba. In baƙin zaren ya sake fitowa kamar da, ya karɓi aikin. In ba ta zo da kayan ba, shekararta ta tafi a banza, wa'adin karatunta kuma ya ƙare.

Washegari muka shiga kasuwar Utaibiyya. Mai shago na farko ya dafa ƙirji ya ce, "Wallah ya khala, guɗun miya bil miya," wato auduga ce tsantsa. Muka sayi yadin muka kawo gida, Shifa ta zare sili ɗaya ta ƙyasta masa ashana. Ya narke ya dunƙule, wari ya cika ɗaki. Auduga toka take zama, ba ta narkewa. Ranar Laraba muka koma, muka sayo wasu yadudduka biyu a wajen wasu masu rantsuwar, su ma suka narke. Mutum yana kasuwanci a garin da ake jin kiran sallar Harami, amma ƙarya ta fi masa shan ruwa sauƙi. Na so in koma in watsa musu kayansu a fuska, Fatsuma ta ce rana ta yi sanyi, ba lokacin faɗa.

Sai ta durƙusa ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Tun kafin ta buɗe na san abin da ke ciki.

Alhazai da yawa suna sayen farin alawayyo a nan, su jiƙa shi da ruwan Zamzam, su shanya, su tafi da shi gida ya zama likkafaninsu. Shekarar da aka yi aurensu, Yunus ya sayi turmi guda na alawayyon da, mai kauri, suka jiƙa shi tare, ya raba biyu. A rabinsa aka naɗe shi. Ɗaya rabin na Fatsuma ne, kuma ta sha ja mini kunne cewa ranar da ta cika, kada in yarda a sa ta a wani yadi.

Ta zare sili ta miƙa wa Shifa. Ya ci wuta ya zama toka.

"Yaya, kanki ɗaya kuwa?" na ce. "Saboda wani ƙato da bai iya kallon faranti ba?"

Shifa ta riƙe mata hannu tana kuka. "La, ya Ummi, a'a. Gara in bar karatun."

"Ni ban san ranar tafiyata ba," in ji Fatsuma. "Jirgi kuwa gobe ne. Miƙe in gwada ki."

Ta sa almakashi. Na fita baranda don ba zan iya jin ƙarar ba, amma har can ta biyo ni. Ta ɗinka doguwar riga mai faɗi, da wando, da mayafi, da tsohon zaren auduga da ta tono a gwangwanin mahaifiyarmu. Ba ta yi kuka ba, ni na yi mata, kuma na baƙin ciki ne.

Alhamis Shifa ta shiga jirgi fara fat. Ta dawo rigar ta sha gishiri, gefenta ya taɓa baƙin mai, tabon da har yau bai fita ba. Fatsuma ta wanke ta shanya, ta koma kan kekenta. Na ce mu je mu sayo mata wani likkafanin, ta ce ta ga abin da ake sayarwa, ita ba za a naɗe ta a leda ba.

Ranar da za a duba sakamako na bi Shifa Jidda. Ta sa farar rigar, ta roƙe ni don Allah in zauna a kujerar waje in kama bakina. Ƙofar ɗakin binciken a buɗe take, ina ganinsu. Duktur ya sunkuya kan madubin da kansa. Baƙin zaren yana nan birjik, kamar na bara. Ya kai allura mai zafi, ya sake kaiwa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Tayyib," ya ce. "Ki rubuta. Sakamako ne mai kyau, za mu buga shi."

Na kasa kunne in ji ko zai ce ta yi haƙuri. Ina! Sai ma ya ja baya ya ƙare wa rigar kallo, ya gyaɗa kai.

"Kin ga amfanin shawarata. Wannan yadi ne mai kyau. An ce mahaifiyarki tela ce, ko? Ki ce ta ɗinka wa sauran ɗalibai irinta guda shida kafin wata mai zuwa."

Na miƙe tsaye. Shifa ta waiwayo ta ɗaga mini hannu, sannan ta juya wajensa.

"Ba za ta iya ba, ya Duktur. Likkafani ɗaya gare ta."