Wanda Bai Amsa Ba

Wata biyu ke nan ɗana Nura yana nuna mini hoton wata na'urar wasan bidiyo da za ta fito ƙarshen shekara. Ba ta iso ko'ina ba tukuna, amma ya san launinta, ya ce in an jona ta da talabijin sai mutum ya ji kamar yana cikin garin da yake gani. Wani mai shagon kayan lantarki a unguwarmu yana rubuta sunayen masu so. Na yi wa Nura alkawari tun da ya ci jarrabawa, sai dai na yi ta jan ƙafa. Ilimin kwamfuta na karanta, na san babu komai a cikinta sai waya da lissafi. Duk da haka, maganar shiga garin nan tana mayar da ni tsakar gidanmu na Dukawuya.

A can, in an kwashe tuwo garwashi ya rage a murhu, kakarmu Iya takan jawo kujerarta kusa, mu zagaye ta. Tana da wata al'ada da ban ji ta a wani gida ba, ko da yake ban bincika sosai ba. In ta gama tatsuniya ba mai tashi sai ta kira sunan kowa ya amsa. Cewa take tare muka shiga, dole ta ƙirga mu wajen fita.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta wani marini. Wata rana ya leƙa ramin rininsa, sai ya hango gari a ƙarƙashin ruwan baba, kasuwa cike, kowa na gaishe shi da girma. Kullum sai ya ƙara sunkuyawa. Bai daina aiki ba, yana cin abinci, yana zuwa gida, amma in an kira shi sai ya yi jim kafin ya juyo. Ranar da matarsa ta kira shi sau uku bai amsa ba, aka gane ya riga ya ƙaura.

"Gangar jikin fa tana nan," in ji Iya, tana tona garwashi da tsinke. "Har furfura ta yi. Mai gidan ne ba ya ciki."

A daren da ta ba mu wannan tatsuniyar, ƙanena Habibu ya yi barci a cinyar mahaifiyarmu. Iya ta kira shi sau biyu. Umma ta ce a bar yaro ya huta, ta saɓa shi ta shige ɗaki. Iya ba ta yi kira na uku ba, sai dai ta daɗe tana kallon labulen ɗakin.

Ban ce wannan ne dalili ba, kuma Allah ya tsare ni da faɗin abin da ban sani ba. Habibu ya girma mai shiru, ya tafi kudu neman aiki, kiransa ya yi ta raguwa har lambar ta daina shiga. Mun nema iya nema. Wataƙila Iya dabara kawai take yi don ta san wanda ya yi barci. Wataƙila kuma ta san cewa yaro zai shiga wurare da yawa da babba ba zai iya binsa ba, abin da ya rage wa babba shi ne ya tsaya bakin ƙofa ya yi kira.

Jiya na je shagon na ba da sunana. Da na dawo na tarar da Nura a zaure, kansa sunkuye kan waya, yana sake kallon tallar na'urar. Na kira shi, shiru. Na sake, shiru. Kafin in yi na uku, sai ya ɗago kai.

"Na'am, Abba?"

Na gaya masa an rubuta mu, amma da sharaɗi: duk lokacin da ya kashe ta zan kira sunansa ya amsa. Ya yi dariya, ya ce wannan ai mai sauƙi ne, ya ruga ya faɗa wa mamarsa.

Na tsaya ni kaɗai a zauren. Sai na ji bakina, a hankali, yana kiran Habibu karo na uku.