Roscoe Mai Raino

Ni da ƙanena Roscoe mun yi faɗa kala-kala, amma wanda ya fi zafi shi ne ranar da ya cire wayar tarho ta gidana a Shreveport ya cusa a aljihu.

"Kai Roscoe, gidan ubanka ne?"

"Uba ɗaya gare mu, Yaya Odessa."

"To shi bai taɓa kawo mini ƙato ya cinye kaji biyu a zama ɗaya ba!"

Ƙaton shi ne Alvin Dupree, ɗan ƙwallon da ya gama jami'a. Lokacin gasa biyu ake yi a ƙasar nan, Tsohuwa da Sabuwa, suna wawason 'yan wasa kamar kuraye a kan mushe. Sai Tsohuwar ta ɗauki mutane irin Roscoe, masu zaƙin baki da ba su da sana'a, ana ce musu 'yan raino. Aikinsu su ɓoye yaro inda 'yan Sabuwar ba za su gan shi ba, a cika masa ciki, har ya sa hannu a kwantiragi. Roscoe bai taɓa rainon ko kyanwa ba, amma wannan ya iya.

Ana nan sai wani ɗan Sabuwar ya ƙwanƙwasa ƙofa, hula a hannu. Ya ce mahaifin Alvin yana asibiti, uwarsa ta rasa inda za ta sami yaron, shi ne ta roƙe shi ya nemo shi.

Roscoe ya ƙyalƙyale da dariya. "Malam, wannan dabarar bara ni ma na yi ta. Ka nemo sabuwa." Ya tura ƙofa. Alvin yana can baya yana fama da wake da shinkafa, bai ji komai ba.

Ashe ba dabara ba ce. Alvin ya sa hannu, ya koma gida da sabuwar mota, ya tarar an riga an rufe tsohon.

Ba a daɗe ba gasannin suka haɗe. Muka ga manyan a talabijin suna musabaha, haƙora waje. Roscoe ya ce, "Yaya, to ni don wa na rufe ƙofar?" Ya bar harkar ƙwallo, ya koma tuƙin bas har ƙarfinsa ya ƙare. In ana nuna wasa a talabijin ran Lahadi, sai ya fita baranda ya zauna ko da ruwa ake yi.

Abin da ya fi cin sa, Alvin bai taɓa sanin wani ya zo ƙofar ba. Kawu yake kiransa. Duk Kirsimeti sai ya aiko da talotalo, wai Kawu Roscoe ne ya ɗora shi a hanya. Ni nake gasawa, ni nake ci. Roscoe ko fiffike bai taɓa kaiwa baki ba.

"Ka faɗa masa mana," nakan ce.

"Baɗi."

"Baɗin taka ta tsufa, har ta yi furfura."

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da shi a ɗakina na baya, ɗakin da ya ɓoye yaron, sai ga Alvin ya zo dubiya, da sanda, gwiwa ta lalace, kai duk fari. Na leƙa na gaya wa Roscoe. Ya kama mini hannu.

"Yaya, don Allah ki ce ina barci."

A daren ya daina magana, don haka abin da na ce masa a lokacin shi ne na ƙarshe a tsakaninmu. Na gyara masa matashi, na zare hannuna.

"An taɓa rufe wa mutum ƙofa a gidan nan, ya isa. Share idonka, ga shi nan shigowa. Ni zan fita, ka faɗa masa da bakinka."