Hamma da Jirgin Yaƙi

Shekarun baya, lokacin yaƙin basasa, ina sabuwar malamar firamare a Jimeta, yayana ya shiga sojan sama. Hamma muke kiransa. Tun da ya aiko hoto sanye da kaki, ga jirgi a bayansa, na bi unguwarmu Gwadabawa gida-gida ina shelar cewa shi ke tuƙa jirgin da ke jefa bom. Ko jirgin fasinja ne ya gifta, sai in fito da ɗalibaina mu ɗaga masa hannu.

Mahaifiyata Dada kuwa hankalinta ya tashi. Tana da ƙawa 'yar Ibo mai sayar da atamfa, wadda ta koma garinsu kafin yaƙi ya ɓarke. Dada ta daina cin abinci sai an matsa mata.

"In ya jefa a kanta fa?" ta ce da ni. "Daga sama ai ba a gane fuska."

Rannan ta ja ni har filin jirgi, ta tare wani soja a ƙofa, ta kwatanta masa matar: doguwa, mai wushirya. Wai a gaya wa ɗanta ya kauce mata. Sojan ya danne dariya ya ce saƙo zai isa.

Da Hamma ya zo hutu, maƙwabta suka cika gida. Dada ba ta bari ya sha ruwa ba.

"Gaya min gaskiya, ka kashe mutane?"

Ya sosa ƙeya. "Dada, ni fa a kicin nake, matuƙan nake dafa wa abinci. Ranar da aka gwada ɗaukata a jirgi, amai na yi ta yi har muka sauka."

Dada ta rangaɗa guɗa, ta sa aka yanka zakara. Ni kuwa na sulale ɗaki, don kowa ni yake kallo. Aka daɗe ana kirana ƙanwar direban tukunya.

Daga baya Hamma ya ce min wasu matuƙan in sun dawo daga aiki ba sa iya taɓa abinci, haka yake kwashe kwanukan a cike. A lokacin kunyata kawai ta dame ni. Sai da na haifi nawa ɗan na gane guɗar Dada, kuma har yau in na tuna, dariya nake fara yi, sannan kwanukan nan su faɗo min a rai.